Kurakuran da aka fi yi idan an kawo yaro asibiti cikin gaggawa, da gyaransu

Jama'a da yawa daga cikin yaran da ke rasuwa a asibiti cikin awa 24 na farko suke rasuwa, wasu ma tun ba a kai su gado ba. Don haka mu ma'aikata da ku iyaye duk akwai inda ya kamata mu gyara.

Babban kuskure shi ne layi. Uwa ta shigo da yaro a goye yana numfashi sama-sama, mai gadi ya ce ta je ta yanki kati, mai kati ya ce ta bi layi, kafin a kai kanta yaron ya riga ya galabaita. Wallahi wannan ba tsari ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin tantance yaran da ke buƙatar taimakon gaggawa da ake kira ETAT, a Malawi aka fara gwada shi, kuma ba sai likita ba, nas ko ma mai ba da kati idan an koya masa zai iya duba yaro cikin daƙiƙu kaɗan ya gane wanda ba zai iya jira ba. Yaron da numfashi ke gagara, wanda leɓensa ya yi shuɗi, wanda ya suma ko yake taune-taune, wanda hannunsa ya yi sanyi bugun jininsa ya yi rauni, wanda gudawa ta zuƙe idanunsa suka faɗa, waɗannan kai tsaye ciki za a wuce da su, kati ya biyo baya. Maganar kuɗi ma haka, dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta hana a ƙi duba mara lafiya a halin gaggawa. Ke uwa idan kin ga ɗaya daga cikin alamun nan kar ki ji kunya, ɗaga murya ki ce yarona ba ya numfashi daidai, ba rashin tarbiyya ba ne.

Sai taune-taune, nan iyaye suka fi yin ɓarna saboda ruɗewa. A tura cokali a baki, a ɗura manja ko ruwan rubutu, a yi masa hayaƙi, wani ma ya kai ƙafar yaro kusa da wuta wai don ya farfaɗo. Cokali haƙori yake karyawa, abin da aka ɗura kuma huhu yake tafiya. Ku kwantar da shi ta gefe, ku sassauta masa kaya, kar a sa komai a baki, a nufi asibiti, addu'a kuma a yi ta a hanya. A namu ɓangaren kuma kuskuren shi ne a ba da diazepam, maganin tsayar da taune-taune, a manta da gwajin suga, alhali yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kama da ƙarfi sugansa kan faɗi, kuma ruwan suga na dextrose kashi 10 zai iya dawo da shi nan take.

Ƙarin ruwa fa? Mutanenmu suna ganin in ba a sa wa yaro ruwa ba kamar ba a yi aiki ba. Binciken FEAST da aka yi a Uganda da Kenya da Tanzaniya, wanda ya fito a 2011, ya nuna zuba ruwa da sauri ga yara masu zazzaɓi mai tsanani yana ƙara mace-mace. Ba wai an hana ƙarin ruwa ba ne, mai gudawar da ruwan jikinsa ya ƙare yana buƙata, amma yaro mai tamowa zuciyarsa ba ta ɗaukar ruwa da yawa, shi ReSoMal, ruwan gishiri da suga na masu tamowa, ake ba shi ta baki a hankali sai madarar masu tamowa ta F-75. Don Allah ku daina matsa wa nas sai ta rataya ruwa.

Kuma a daina auna nauyin yaro da ido. Allurar artesunate ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da nauyi take tafiya, yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi a kowane kilo, wanda ya kai kilo 20 ko ya wuce kuma miligiram 2.4 a kowane kilo, kuma a ba shi yanzu, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24, sannan a kammala da maganin sha na kwana uku. Da yawa ana yin allura ɗaya yaro ya ɗan buɗe ido sai iyaye su ce a sallame su. Sikeli ya zauna a bakin ƙofa tare da na'urar da ake maƙalawa a yatsa, idan oksijin ya sauka ƙasa da kashi 90 a sa masa iska, kar a jira sai ya yi shuɗi.

Idan za a tura yaro babban asibiti kuma kar a tura shi hannu rabbana. A ba shi allurar farko, a rubuta abin da aka ba shi da lokacin, a kira can a tabbatar akwai gado da jini. Ku iyaye ku taho da kwalayen magungunan da kuka saya a kemis, ku faɗi gaskiyar abin da aka ba shi a gida har da na gargajiya, ba don a yi muku faɗa ba, don kar a maimaita masa magani sau biyu.