Yadda Ake Yin Digirin Ilimin Lafiyar Al'umma Ta Intanet

Yawancin masu neman digirin farko a fannin wayar da kai kan lafiyar al'umma ta intanet mutane ne da ba za su iya barin inda suke ba. Akwai ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi wanda ya daɗe da difloma a hannu, ƙarin girma ya tsaya masa saboda rashin digiri. Akwai matar aure mai yara wadda ba zai yiwu ta tare a ɗakin kwanan ɗalibai na shekara huɗu ba. Akwai kuma matashin da garinsu ke nesa da kowace jami'a. Duk waɗannan za su iya yin wannan karatu su kuma ci moriyarsa, matuƙar sun kiyaye abubuwa biyu: su tabbatar da ingancin makarantar kafin su biya ko sisi, sannan su haɗa karatun waya da aikin ƙafa a cikin unguwa tun daga zangon farko.

Ya kamata tun farko ka san abin da za ka karanta. Wannan fanni ba ya mayar da mutum likita. Aikinsa shi ne gano dalilin da ya sa jama'a suke yin abin da ke jawo musu cuta, ko suke ƙin abin da zai kare su, sannan a tsara hanyar da za a bi a sauya hakan cikin mutunci. Tun bayan taron duniya kan kiwon lafiya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 ake lissafa ilimantar da jama'a a sahun gaba na kiwon lafiya a matakin farko, kuma tarihinmu ya nuna gaskiyar hakan. A 2003 an dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa saboda jita-jitar da ta bazu a kan maganin. Abin da ya dawo da amanar iyaye shi ne shigowar sarakuna da malamai, da kuma matan da suka riƙa bi gida-gida suna zama da uwaye suna amsa tambayoyinsu, har aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar cutar a watan Agustan 2020. Haka kuma a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, magani kaɗai bai wadatar ba, sai da aka fahimtar da magidanta cewa niƙa duwatsun zinariya a tsakar gida, inda yara ke rarrafe, shi ne ke kashe su.

Tantance makaranta

A Najeriya, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ita ce ke ba jami'a izinin aiki, ita ce kuma ke tantance kwasa-kwasanta ɗaya bayan ɗaya. A nan mutane da yawa suke yin tuntuɓe, domin jami'a tana iya kasancewa halattacciya alhali kwas ɗin da kake so bai samu amincewa ba, ko kuma an amince a koyar da shi a aji amma ba a ba da izinin koyar da shi daga nesa ba. Saboda haka ka shiga shafin hukumar da kanka ka duba abubuwa uku: sunan jami'ar, sunan kwas ɗin, da izinin karatu daga nesa. Kada ka dogara da hoton wata takarda da aka turo maka ta WhatsApp, kada kuma ka tura kuɗin makaranta zuwa asusun wani mutum da ya ce shi wakili ne.

Wurin da aka fi sani shi ne Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar da ita a shekarar da ta biyo baya, sannan aka farfaɗo da ita a zamanin mulkin Obasanjo. Hedikwatarta tana Jabi a Abuja, tana da cibiyoyin karatu a jihohi, kuma tsangayarta ta kimiyyar lafiya tana da digirin lafiyar jama'a da na tsaftar muhalli. Wasu tsofaffin jami'o'i, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Maiduguri, su ma suna da cibiyoyin karatu daga nesa, sai dai jerin kwasa-kwasansu yana sauyawa, don haka ka duba na shekarar da za ka nema. Sunan digirin ma yana bambanta daga wata jami'a zuwa wata: lafiyar jama'a, lafiyar al'umma, ko ilimin kiwon lafiya. Ka karanta jerin darussan, ka ga ko akwai wayar da kai, da bazuwar cututtuka, da ƙididdiga, da tsara shiri da auna sakamakonsa, da kuma aikin fili. Duk tsarin da babu aikin fili a cikinsa, a ganina, bai cancanci kuɗinka ba.

Jami'o'in ƙasashen waje, musamman na Amurka, suna yawan tallata irin wannan digiri, kuma wasunsu nagari ne. Amma da dala ake biya, kuma darussansu an gina su ne a kan matsalolin can, irin su inshorar lafiya da ƙiba, kuma suna shirya ɗalibi ne domin jarrabawar ƙwarewa ta CHES da ake amfani da ita a Amurka. Idan a gida za ka yi aiki, dole takardar ta bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya domin tantancewa. A watan Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin makonni shida. Wanda ya yi maka alƙawarin digiri cikin gaggawa, takardar banza zai sayar maka.

Digiri daban, lasisi daban

Wannan batu yana buƙatar a faɗe shi ƙarara, domin rashin saninsa ya jawo wa mutane nadama. Izinin duba marasa lafiya a asibitin matakin farko yana fitowa ne daga hukumar yi wa ma'aikatan lafiyar al'umma rajista, wadda aka kafa a 1992, kuma ana samunsa ne ta hanyar horon JCHEW ko CHEW, wato ƙaramin ma'aikacin lafiyar al'umma ko cikakkensa, a kwalejojin fasahar lafiya, irin ta Maƙarfi a jihar Kaduna, ko horon CHO, wato jami'in lafiyar al'umma, a asibitocin koyarwa. Idan kana da wannan lasisi, digiri zai ƙara maka ilimi da damar hawa matakin shugabanci. Idan ba ka da shi, kada ka ɗauka cewa digirin intanet zai ba ka ikon yin allura ko rubuta magani. Ƙofofin da zai buɗe maka su ne sashen wayar da kai na ma'aikatar lafiya ko ƙaramar hukuma, da ƙungiyoyin agaji, da makarantu, da shirye-shiryen lafiya na rediyo, da kuma hanyar zuwa digiri na biyu.

Matashin da bai kai shekara 30 ba ya tambayi jami'ar, a rubuce, ko ɗalibanta suna zuwa bautar ƙasa ko kuwa takardar yafe musu bautar ƙasar ake ba su. Ma'aikacin gwamnati kuma ya nemi izinin karatu daga ma'aikatarsa kafin ya fara, domin akwai wuraren da ba a lissafa takardar da aka samo ba tare da izini ba idan an zo ƙarin girma.

Sharuɗɗan shiga ba su da wuyar ganewa: kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da darussan kimiyya. Mai difloma a fannin lafiya yakan samu shiga kai tsaye zuwa aji biyu. Wajen lissafin kuɗi, kada ka tsaya a kan kuɗin rajista kawai. Ka haɗa da na kowane darasi, da na jarrabawa, da data, da kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa, domin a NOUN yawanci sai ka je cibiya da ƙafarka za ka rubuta ta.

Tsara karatun

Babban abin da ke kayar da ɗalibin nesa shi ne babu malamin da zai lura cewa bai zo aji ba. Ka ware lokaci tsayayye a kullum, ko da awa ɗaya ce bayan sallar asuba, ka kuma sanar da mutanen gida cewa wannan lokaci na karatu ne. Ga matar aure, zai fi kyau a yi wannan magana da maigida tun kafin a cika fom, har da batun wanda zai kula da yara a makon jarrabawa. A farkon zango ka sauke dukkan littattafan darussan a wayarka lokaci guda, ta yadda ɗaukewar wuta ko rashin sabis ba za su tsayar da kai ba, waɗanda suka fi wuya kuma ka buga su a takarda. Waya ta isa karatu, amma rubuta kundin bincike zai buƙaci kwamfuta, ko da ta aro ce. Idan kana aiki, kada ka ɗauki darussa fiye da ƙarfinka don kawai ka gama da wuri.

A NOUN, ayyukan gwaji na cikin zango suna ɗaukar maki 30 cikin 100, jarrabawa kuma 70. Akwai masu karɓar kuɗi su yi wa ɗalibi waɗannan ayyuka, kuma ina roƙonka ka guje su. Wanda ya sayi maki a darasin bazuwar cututtuka, ranar da amai da gudawa suka ɓarke a mazaɓarsa ba zai iya gane daga wace rijiya cutar take fitowa ba, kuma rayuka ne za su biya wannan bashi. Darasin ƙididdiga shi ya fi ba mutane tsoro. Maganinsa shi ne a yi ta lissafi da hannu da alƙaluman gaske, misali ka ɗauki rajistar rigakafi ta wata guda ka fitar da kason yaran da suka karɓi allurar mako 6 amma ba a dawo da su ta mako 14 ba. Ka nemi abokan karatu uku ko huɗu daga cibiyarku ku riƙa haɗuwa. Babban zauren WhatsApp na ɗaruruwan mutane ya fi yawan surutu a kan amfani.

Aikin ƙafa

Kada ka jira sai aji na ƙarshe da jami'a za ta tura ka aikin fili. Tun zangon farko ka je asibitin matakin farko mafi kusa da kai, ka gabatar da kanka ga shugaban wurin, ka nemi izinin zuwa rana ɗaya a mako a matsayin ɗan sa-kai. Ranar rigakafi da ranar awon ciki su ne suka fi amfani. Da farko ka zauna ka saurara kawai: wace tambaya uwaye suke maimaitawa, me ya sa wata ta daina kawo ɗanta bayan allurar da ta sa masa zazzaɓi, wa yake yanke shawara a gidan idan naƙuda ta yi tsawo. Za ka tarar sau da yawa matar da ake ta yi wa bayani ba ita ce mai ikon cewa a tafi asibiti ba. Maigida ne, ko uwar miji. Littafi zai gaya maka cewa akwai masu faɗa-a-ji, amma zama a benci ne zai nuna maka su wane ne a unguwarku.

Duk darasin da ka karanta da Turanci, ka gwada bayyana shi da Hausa cikin minti biyar ga wanda bai yi boko ba. Idan ka kasa, ba ka gane shi ba tukuna. Ɗauki misalin ruwan gishiri da sukari: littafi ya ce lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Aikinka shi ne ka gano da wane mazubi ake auna lita a wannan gida, ka haɗa a gaban uwa, sannan ka sa ita ma ta haɗa a gabanka. Haka batun shayar da nonon uwa zalla na wata shida: kakar da ta ce jariri zai ji ƙishirwa a zafin Afirilu tausayi ne ya sa ta faɗa, kuma idan ka raina ta ka rasa gidan gaba ɗaya. Sai ka yarda da damuwarta, sannan ka bayyana mata cewa mafi yawan nono ruwa ne, kuma ruwan randa yana iya kawo wa jariri gudawa.

Shiga unguwa ma yana da ladabinsa. Ana fara gaida mai unguwa da liman, a bayyana musu abin da ya kawo ka, kuma namiji ba ya kutsawa cikin gidan matan aure. Wannan ne ya sa ɗalibai mata suke da wata dama da maza ba su da ita, kuma ya dace su san darajarta. Ka ajiye littafi na musamman kana rubuta abin da ka gani duk mako, ba tare da sunan kowa ba, domin sirrin marar lafiya amana ne ko da a hannun ɗalibi.

Daga cikin wannan littafi ne batun kundin bincikenka zai fito. Ka zaɓi tambaya ƙarama wadda za ka iya amsawa a mazaɓa ɗaya, kamar dalilin da ya sa ake karɓar gidan sauro amma ba a kwana a ciki, ko abin da ke hana kammala rigakafin da ke kare yara daga mashaƙo, cutar da ta addabi Kano a 2023. Ka samu amincewar malamin da ke duba aikinka da izinin sashen lafiya na ƙaramar hukuma kafin ka fara tambayar kowa, ka kuma nemi yardar duk wanda za ka yi hira da shi. Manhajar KoboToolbox tana ba ka damar cika tambayoyi a waya ko babu sabis, ka tura daga baya. Idan ka kammala, ka kai kwafi ɗaya ga shugaban asibitin, sannan ka nemi mai unguwa ya tara maka mutanen da ka yi hira da su, ka faɗa musu da Hausa abin da binciken ya gano da abin da kake ganin za a iya gyarawa kafin damina mai zuwa.