Yadda za ka kama tarihin Birtaniya bayan yaƙin duniya na biyu ba tare da hadda ba

Ƙannena masu karanta tarihi ko kimiyyar siyasa a jami'ar Gusau da ta Birnin Kebbi, wanga darasi na Birtaniya bayan 1945 ba hadda yake so ba. Tambaya ɗaya za ka riƙe: wa zai ɗauki nauyin talaka, gwamnati ko kasuwa? Duk sunan da malam ya kawo, duk shekarar da ya rubuta a allo, ka tambayi kanka wane ɓangare ya faɗa.

Ka fara daga 1942, lokacin yaƙi bai ma ƙare ba. A shekarar ne William Beveridge, wani masanin tattalin arziki, ya fitar da rahotonsa inda ya ce akwai ƙattai biyar da suka danne mutane, talauci da cuta da jahilci da ƙazantar muhalli da zaman banza, kuma aikin gwamnati ne ta yaƙe su tun daga haihuwar mutum har kabarinsa. In ka gane wannan ba za ka yi mamakin zaɓen 1945 ba, yadda aka kayar da Churchill da ya ci yaƙi aka ɗora Clement Attlee na jam'iyyar Leba, don sojan da ya dawo bai manta rashin aikin shekarun 1930 ba, ba ya son komawa can.

Daga nan ka ɗauki gwamnatin Attlee kamar maigidan gandu, kowa ya yi aiki, shi kuma ci da magani da matsuguni suna wuyansa. Ta karɓe babban banki a 1946, ma'adinan kwal a 1947, jiragen ƙasa a 1948. Tunanin masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ne ke ƙarƙashi, wato in kasuwa ta yi sanyi gwamnati ta kashe kuɗi don kar mutane su rasa aiki. Amma inda nake so ka daɗe shi ne ranar 5 ga Yuli 1948 da ministan lafiya Aneurin Bevan ya buɗe NHS, asibiti kyauta ga kowa daga kuɗin haraji, mutane suka yi ta tururuwa neman tabarau da haƙoran roba, abin da da yawansu sun daɗe suna buƙata ba su da halin saye, har kuɗin ya wuce lissafi, da aka ce a 1951 za a fara biyan wani abu kan tabarau da haƙoran sai Bevan ya aje muƙaminsa. Wallahi duk wanda ya taɓa kwana a asibiti da majinyaci ana miƙo mai takardar magani ba ko sisi a aljihu ya san abin da mutumin nan yake karewa. Kuma ka lura ƙasar ba a cikin wadata ta yi wannan ba, bashi ya yi mata katutu, burodi ma da kati ake sayensa daga 1946, nama sai 1954 aka sake shi.

Kar ka tsallake mu. A shekarun nan gyaɗa da audugar da ake lodi a tashar jirgin Gusau da Ƙauran Namoda hukumomin saye ne ke yanka musu farashi, ƙasa da na kasuwar duniya, rarar kuma a Landan ake ajiye ta. In ka saka wannan a amsarka malam zai san ka yi tunani. Sai ka haɗa da 'yancin Indiya a 1947, kunyar da suka sha a rikicin Suwes a 1956, namu 'yancin a 1960, da baƙin da suka fara zuwa daga Jamaika a jirgin Windrush a 1948 har aka kafa dokar taƙaita shige da fice a 1962.

Shekarun 1950 da 60 ka wuce su da sauri, masu ra'ayin riƙau, wato jam'iyyar Churchill, sun dawo mulki a 1951 amma ba su rushe tsarin ba, jam'iyyun biyu kusan bakinsu ɗaya.

Inda za ka sake tsayawa shi ne 1970 zuwa 1979, don nan ne amsar mi ya sa aka juya. Man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973, tsadar kaya ta kai kusan kashi 25 cikin ɗari a 1975 ga kuma rashin aiki a lokaci guda, abin da maganin Keynes bai iya da shi ba, a 1976 sai ga Birtaniya da kanta a ƙofar IMF, asusun ba da lamuni na duniya, tana neman rance. Hunturun 1978 zuwa 79 yajin aiki ya kai shara ta taru a titunan Landan, masu haƙa kabari a Libaful suka aje aiki. Kan wannan Margaret Thatcher ta masu ra'ayin riƙau ta hau a 1979 da tunanin Hayek da Friedman, masanan da ke cewa a bar kasuwa ta yi halinta, ita a raba gandun kawai, kowa ya koma gayaunarsa. Ta sayar wa masu haya gidajen gwamnati daga 1980, kamfanin tarho a 1984, na gas a 1986, ta tara kwal tun kafin yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 85 sannan ta karya su. Tsadar kaya ta sauka, gaskiya ne, amma marasa aiki sun haura miliyan 3 a 1982 kuma garuruwan kwal da yawa ba su farfaɗo ba. Ni dai ban yarda da masu cewa ba wata hanya sai wannan ba, amma a jarabawa ka kawo hujjar kowane ɓangare kafin ka faɗi naka. Kuma ka nuna cewa duk ƙarfinta ba ta sayar da NHS ba, don jama'a ba za su lamunta ba.

In abin ya shige maka duhu ka tambayi baba ko kawu yadda aka ji da SAP, shirin tsuke bakin aljihu na Babangida, a 1986, ko ka duba abin da ya biyo bayan cire tallafin mai a 2023, muhawarar ita ce dai, sai dai kar ka cika takardarka da Najeriya, layi biyu sun isa.

Tony Blair da ya zo a 1997 ka sa shi tsakanin ɓangarorin biyu. Tun 1995 ya cire alƙawarin mallakar gwamnati daga tsarin mulkin jam'iyyar Leba, bai dawo da kamfanonin da aka sayar ba, amma ya kawo mafi ƙarancin albashi a 1999 ya kuma zuba kuɗi a asibitoci da makarantu. Ka samu takarda ɗaya ka ja layi, 1945 a farko, 1979 a tsakiya, 1997 a ƙarshe, duk abin da ka karanta ka rataya shi a inda ya dace, sannan ka gwada yi wa abokin ɗakinka bayani da baki ba ka kallon littafi, inda ka tsaya kana in-ina nan za ka koma ka sake karantawa.