Kurakuran da ake tafkawa wajen sayen ƙaramin madubin hangen nesa na harbin saiti

Asabar ɗin da ta wuce wani ƙanina da muke zuwa harbin kibiya tare ya taho tun daga Agege rungume da sabon madubin hangen nesa a kwali yana ta washe baki, wai yaya duba ka gani, 20-60x60 ne, har sau 60 yake jawo abu. Muka kafa shi a mita 70, ya murɗa zum ɗin har ƙarshe, ya leƙa ya sake leƙawa sai ya ɗago yace yaya ni fa dishi-dishi nake gani kuma komai rawa yake yi. Dariya kawai na yi don nima haka na sha da farko, shi yasa nace bari in rubuta wannan ko wani zai tsira da kuɗinsa.

Ba madubin da ake ɗaurawa a kan bindiga nake nufi ba fa, wanda ake kafawa a gefe kan ƙafa-uku nake magana, aikinsa kawai ya nuna maka inda kibiyarka ko harsashinka ya faɗa ba sai ka taka ƙafa ka je ba. Kuma in bindiga ce harkarka kasan dai dokar makamai ta 1959 tana nan, babu lasisi babu riƙe bindiga, wannan tsakaninka da hukuma ne.

Babban tarkon da kowa ke faɗawa shine lambar nan ta zum. In ka ga 20-60x60, lambobin farko su ne yawan jawowa, daga sau 20 zuwa sau 60, ta ƙarshe kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. To ga lissafin da mai shago ba zai maka ba, ka raba faɗin gilashin da yawan jawowar, abin da ya fito shine kaurin hasken da ke isowa idonka. 60 raba 20 milimita 3 kenan, ras, daidai da buɗewar ƙwayar ido da rana. Amma 60 raba 60 milimita 1 ne kacal, shi yasa hoton ke dusashewa kuma da ka ɗan gusa kai sai komai ya koma baƙi. Sannan ga zafin Legas, daga hantsi zuwa la'asar ƙasa tana fitar da kawalwalniya, kuma madubi baya zaɓe, yadda ya ƙara girman takardar saitinka haka zai ƙara girman rawar iskar da ke tsakaninku. Lokacin hunturu ga hazo ya ƙaru a kai. Don haka ƙaramin madubi mai gilashin gaba 50 zuwa 65 wurin daɗinsa tsakanin sau 20 ne da 30, kuma wannan ya ishe ka, allon kibiya na mita 70 faɗinsa santimita 122 ne, da'irar maki 10 kuma santimita 12.2, ba allura kake nema ba. Wanda yake son ganin hudar harsashi a mita 200 ko 300 kuwa gaskiya ya manta da ƙarami, ya nemi mai 80 ko sama ya haƙura da nauyi.

Inda nafi son a tsaya shine ayifis, wato ɗan bututun nan da kake kafa ido a kai, don mutane suna ɗaukarsa kamar murfi ne kawai da ya zo da kaya alhali rabin madubin kenan. Kowane ayifis yana da tazarar da idonka zai tsaya daga gilashi ya ga cikakken hoto, ana rubuta ta a milimita. Mai harbi kusan kullum da tabarau a fuskarsa, ko na magani ko na kariya, to in tazarar nan 10 ce ko 12 sai ka ga kamar ta cikin tsinken lemo kake leƙe, ko kuma ka dinga cire tabarau kana mayarwa bayan kowane harbi, kana ɓata tsayuwarka da ka sha wuya ka daidaita. Ka nemi aƙalla 17 zuwa 20. Akwai ma waɗanda aka yi musamman don masu harbi, kamar na kamfanin Kowa mai sau 25 da tazararsa ta haura milimita 30, da shi ko kai baka matsar sosai, ido kawai zaka karkata ka gani ka dawo kan saitinka. Kuma ka kula, masu zum na araha lambar da suke rubutawa a kwali yawanci ta ƙaramin jawowa ce, kana murɗawa sama tazarar tana raguwa.

Ni dai ra'ayina, in nisa ɗaya kake harbi kullum, ayifis mai lamba ɗaya tsayayya ya fi mai zum, filin ganinsa ya fi faɗi kuma hoton ya fi tsabta a kuɗi ɗaya. Na san akwai masu musu, suce zum yana taimaka musu su fara nemo allon a ƙasa sannan su jawo, kuma ba ƙarya suka yi ba musamman ranar gasa da alluna suke jere kamar motocin danfo a Obalende ka rasa wanne ne naka. Kowa da abinda ya saba.

Wani abin haushi kuma, manyan kamfanoni da yawa gangar jikin kawai suke sayarwa, ayifis daban da kuɗinsa daban. Mutum ya gani a intanet yaga farashi ya sauko yayi murna ya tura dala, kaya su iso bayan sati uku ya buɗe yaga rami a baya. Kuma ba kowane ayifis ke shiga kowane madubi ba, kusan kowane kamfani da irin bakin makullinsa, wani lokacin ma a kamfani ɗaya na wannan samfurin baya hawa wancan. Kaɗan ne irin Pentax PF-65ED da Celestron Regal M2 da suke karɓar ayifis na madubin kallon taurari mai inci 1.25. A irin waɗannan kai zaka yi lissafin jawowar, ka raba tsawon fokos ɗin madubin da na ayifis ɗin, lambobi ne a milimita da kamfani ke rubutawa a bayanin kayan, misali na Pentax ɗin 390 ne, ka sa masa mai 12 ya baka sau 32 da rabi. Kafin ka biya ka tambayi mai kaya ƙarara, oga da ayifis ne ko babu, kuma wanne.

Sai maganar miƙaƙƙe ko mai lanƙwasa. Sabon shiga miƙaƙƙe yake ɗauka don ya fi sauƙin nemo abu, amma in kana harbi ruf da ciki ko kana tsaye da baka a hannu, mai lanƙwasar digiri 45 shine abokin tafiya, da sharaɗin yana da zoben nan da ke barin gangar ta juya gefe, sai ka juyo da ayifis ɗin ya fuskanci idonka. In babu zoben nan wuyanka ne zai faɗa maka da daddare.

Masu bindigar iska ku kuma naku daban ne, a mita 10 kuke harbi, kuma akwai madubin da baya iya fokos a kusa haka. Ku duba mafi kusancin nisan da yake kamawa, in ya kai 10 ko ya wuce ku ajiye shi. Hudar ƙwayar dalma milimita 4.5 ce, a wannan nisan sau 15 zuwa 20 ya wadatar.

Ƙafa-uku kuwa wallahi nan na fi jin kunyar kaina. Na tara kuɗi na sayi madubi mai kyau sannan na ɗora shi kan irin sitan ɗin nan na ɗaukar bidiyo da waya, iska na kaɗawa hoton na tsalle, wata rana ma igiyar jakata ta ja ƙafa ɗaya sai ji nayi tim a ƙasa. Duk abinda ya jawo sau 25 to girgiza ma sau 25 ya jawo. Kusan dukkansu kusar inci kwata suke amfani da ita irin ta kyamara, don haka samun mai kyau ba wahala bane ko wajen masu kayan hoto, ka zaɓi mai nauyi, kar ka zaro sandar tsakiya har sama, in iska tayi yawa ka rataya jakarka a ƙasan tsakiya ta danne shi.

Abinda ɗan Kano ko Sakkwato bazai damu dashi sosai ba amma mu nan dole, laima. Daminar Legas bata wasa, ka kulle madubi cikin jakarsa da ɗan danshi ka jefa ƙarƙashin gado ko but ɗin mota, bayan wata biyu ka ɗauko kaga fumfuna ta yi saƙa kamar yanar gizo-gizo a cikin gilashi, kuma in ta daɗe cinye rufin gilashin take yi, gogewa bata fitar da ita. Ka sayi wanda aka toshe da roba aka cika shi da iskar naitirojin, ka bar shi ya sha iska kafin ka adana, ka zuba ƴan ƙunshin silika ɗin nan da ke zuwa cikin kwalin takalmi a akwatinsa. In ka fito dashi daga ɗaki mai esi ya yi gumi ta waje ba komai, jira kaɗan zai washe, in ta ciki ne gumin to toshiyar ta mutu. Masu zama wajen Lekki da Ajah ga iskar gishiri kuma. Kuma dan Allah a daina goge gilashi da gefen riga, ƙurar hunturu yashi ce, a fara hure ta tukuna.

In a Alaba ko Computer Village zaka saya kar ka yarda da gwajin cikin shago ƙarƙashin fitila. Ka roƙi mai shago ku fito waje, ka saita wayar wuta ko gefen tankin ruwa inda ya haɗu da hasken sama, in kaga layin shunayya ko kore a gefen to gilashin mai arha ne, waɗanda aka rubuta ED ajikinsu su ne ke rage wannan, kuma bambancin yana fitowa ne daidai lokacin da kake neman hudar harsashi ta milimita 5.6 a cikin baƙin takarda a mita 50. Ka tafi da takardarka da ka huda, fara da baƙa, yaron shago ya riƙe maka can nesa iya inda hanya ta bari, ka leƙa da tabaranka a fuska. Rana dai kar ka kuskura ka saita ta ko da wasa.

Shi ƙanin nawa mai shagon bai yarda ya karɓi kayan ba, don haka muka mayar da zum ɗin kan 25 muka naɗe shi da salatif don kar hannunsa ya dinga ƙaiƙayi, na ara masa tsohuwar ƙafa-uku ta mai nauyi. Yanzu yana ganin kibiyoyinsa sarai, matsalar da ta rage ita ce yawancinsu a da'irar shuɗi suke sauka, can nesa da tsakiyar allon.