Yadda ake tsugunno da ƙarfe don tsalle ya ƙaru

Wanda ya leƙa filin ƙwallon kwando a Katsina bayan la'asar zai ga samari suna layi a gindin kwando, kowa na zabura yana miƙa hannu ya taɓo zoben. Zoben nan tsayinsa daga ƙasa mita 3.05 ne a ko'ina a duniya. Saurayi mai tsawon mita 1.80, in ya tsaya ya miƙa hannu, yatsunsa kan kai wajen mita 2.35, saboda haka sai ya tashi santimita 70 kafin ya shafi zoben. Da yawa sun yi shekara suna wannan zabura kullum, amma tazarar tana nan yadda take. Dalili kuwa shi ne tsalle ba a iska ake yin sa ba, a ƙasa ake yin sa. Ƙasa kake dannawa da ƙafa, ita kuma ta cilla ka sama gwargwadon ƙarfin da ka danna ta da shi, kuma duk dannawar ba ta kai rabin daƙiƙa ba. Abu biyu ke nan ake nema: ƙarfin ƙafa da ya rinjayi nauyin jikinka, da iya fitar da ƙarfin nan farat ɗaya. Na farkon, tsugunno da ƙarfe ke kawo shi, abin da 'yan ɗaga ƙarfe ke kira sikwat. Na biyun kuma sai an koya wa jiki.

Kafin ka taɓa ƙarfe, auna kanka. Hanyar da ta samo asali daga gwajin da Dudley Sargent, masanin motsa jiki, ya fito da shi a Amurka a 1921 har yau ba a fi ta sauƙi ba. Shafa alli a yatsu, tsaya gefen bango mai santsi, dunduniya a ƙasa, miƙa hannu ka yi alama. Sannan ka yi tsalle daga tsaye, ba gudu ba taku, ka yi alama ta biyu. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce tsallenka. Gwada sau uku, da hutun minti ɗaya tsakani, ka rubuta mafi tsawo tare da kwanan wata da nauyin jikinka.

Sandar ƙarfe ta gidan motsa jiki kilo 20 ce, tsawonta mita 2.2, ta mata kilo 15. Mafi yawan masu ɗaga ƙarfe a unguwanni kuwa da bututu suke aiki, an zuba siminti a bokitin fenti an kafe shi gefe da gefe. Wannan ma yana aiki, da sharaɗi biyu. Kai curin simintin wurin mai sikeli a auna kowanne daban, don in gefe ɗaya ya fi ɗaya da kilo biyu ko uku, kwankwasonka ne zai riƙa biyan bashin. Sannan ka sa mai walda ya yi maka maɗori: ginshiƙai biyu da ƙugiya daidai tsakiyar ƙirjinka, da hannuwa biyu a ƙasa waɗanda za su tare sandar in ka kasa tashi. Kada ka taɓa cilla nauyi ta saman kai zuwa wuya don babu maɗori. In babu shi, rungumi jarka a ƙirji. Jarka mai lita 25 cike da ruwa kilo 25 ce, kuma ta ishi mai farawa makonni da dama. Tsaya a kan daɓe mai tauri wanda ya daidaita, da takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ko ƙafa ba takalmi. Silifa da takalmin gudu mai laushi suna sa ƙafa rawa.

Mu nan muna da wata riba. Yaron da ya tashi yana tsugunno wajen alwala, wajen cin abinci, wajen hira a bakin zaure, idon sawunsa da ƙugunsa a buɗe suke, abin da wasu ke shafe watanni suna nema. Sai dai tsugunnon hutawa daban yake da tsugunno da nauyi. A na hutawa jiki a sake yake, baya ya lanƙwashe, mazaunai sun zauna a kan dunduniya. In ka ɗora kilo 60 a kan wannan sakakken baya, ka nemi ciwo da kanka.

Ga yadda ake yi. Shiga ƙarƙashin sandar, ka kama ta da hannu biyu, kowanne ya ɗan wuce kafaɗa. Matse allunan kafaɗarka su nufi juna. Naman da ya taso a ƙarƙashin wuya shi ne gammonka, a kansa sanda ke zama. In ka ji ta a kan ƙashin wuya, ta yi sama da yawa. Miƙe da ita, ja baya taku biyu ko uku, ka tsaya. Faɗin ƙafa daidai faɗin kafaɗa, yatsu sun ɗan buɗe waje, kamar hannun agogo a sha ɗaya da ɗaya. Nauyinka ya rabu wuri uku a tafin ƙafa kamar duwatsun murhu: dunduniya, gindin babban yatsa, gindin ƙaramin yatsa. Ɗaya ya ɗaga, tukunya ta karkace.

Numfashi shi ne abin da aka fi rainawa. Ja iska ta cika ciki har gefen haƙarƙari, kada ta tsaya a ƙirji, sannan ka ɗaure cikin kamar wanda ɗan dambe zai kai wa naushi a cibiya. Riƙe wannan iska har ka sauka ka taso, sai ka fitar a sama, ka sake ja. Ita ce ke tallafe gadon baya daga ciki. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kada ya yi wannan riƙon numfashi sai ya ga likita.

Wajen sauka, gwiwa da ƙugu su karye tare. Gwiwa ta bi inda yatsu suka nufa, ƙirji a buɗe, ido a kan wani wuri a ƙasa mita biyu ko uku a gabanka. Sauka cikin daƙiƙa biyu, kana riƙe da nauyin, kada ka faɗa. Zurfin da ake so shi ne maɓallin ƙugu, wato inda cinya ta haɗu da ƙugu, ya ɗan gota saman gwiwa zuwa ƙasa. Tsaya a nan, ko da jikinka zai iya wucewa, muddin ka ji ƙasan bayanka ya fara naɗewa ciki. Tashi kuwa da niyyar tsalle ake yin sa. Danna ƙasa da iyakar saurin da kake da shi, ko da sandar a hankali take tafiya saboda nauyi. Wannan niyya ita ce ke bambanta mai neman tsalle da mai neman kaurin cinya. Sa wani ya ɗauke ka bidiyo da waya daga gefe: sandar ta sauka ta hau a miƙe, daidai saman tsakiyar ƙafarka.

Kuskuren da ya fi muni shi ne gwiwoyi su faɗo ciki suna neman haɗuwa lokacin tashi. Yawanci nauyi ne ya fi ƙarfin mutum, ko naman mazaunai bai kama aiki ba, ko babban yatsa ya saki ƙasa. Rage nauyi, ka riƙa tura ƙasa gefe da gefe kamar mai son yaga tabarma da ƙafafunsa. Muna matsawa a kan wannan ne saboda irin wannan faɗawar gwiwa, in ta zo wajen dira daga tsalle, ita ke tsinka jijiyar cikin gwiwa, kuma wannan rauni kan raba ɗan wasa da fili kusan shekara. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

In dunduniya na ɗagawa, gwada idon sawu: sa babban yatsa santimita 10 daga bango, ka tura gwiwa ta taɓa bangon ba tare da dunduniya ta tashi ba. In ta ƙi, riƙa wannan turawa sau 15 kowace ƙafa kullum, kafin nan kuma sa katako mai kaurin santimita 2 a ƙarƙashin dunduniya. In mazaunai ke riga ƙirji tashi har ka duƙe kamar mai noma, cinyar gaba ce ta gaza ta tura aikin ga baya. Rage nauyi, ka riƙa tsayawa daƙiƙa biyu a ƙasa kafin ka taso. Maganar da ake yawan yi cewa kada gwiwa ta wuce yatsu ba ta da tushe ga mai lafiyayyar gwiwa. Duk mai hawa bene gwiwarsa na wuce yatsunsa. Sai kuma rabin tsugunno da lodin siminti don a burge 'yan kallo. Gajeren tsugunno yana da ranarsa, can gaba, ga wanda ya riga ya yi ƙarfi a cikakke. Ga mai farawa, yana loda wa baya abin da ƙafa ba ta san shi ba.

Sau biyu a mako ya isa, misali Litinin da Alhamis. Makonni huɗu na farko, zagaye 3, kowanne sau 8 zuwa 10, da nauyin da bai gagare ka ba. Daga mako na biyar koma zagaye 4 ko 5, kowanne sau 5, da nauyin da za ka iya ɗagawa sau 7 in an matsa maka. Wato kullum ka bar biyu a ajiye. Huta cikakken minti uku tsakanin zagaye, da agogo. Ƙara kilo 2.5 a mako in duk zagayen sun fita da kyau, kuma kowane mako na huɗu ka rage aikin da rabi. Inda aka dosa shi ne ka tsugunna da ninki ɗaya da rabi na nauyin jikinka: mai kilo 65 ya kai kusa da kilo 100. Wannan aikin watanni ne, wani ma fiye da shekara. In mutum ya doshi ninki biyu, ƙarin ƙarfe ba ya ƙara wa tsalle abin kirki.

Bayan tsugunno, ƙara abu uku kawai. Sunkuyo da sanda a hannu, gwiwa a ɗan karye, baya a miƙe, kana tura mazaunai baya har ka ji bayan cinya ya ja, zagaye 3 sau 8. Tsugunno da ƙafa ɗaya, ɗayar a ɗore bisa benci a bayanka, zagaye 3 sau 8 kowace ƙafa. Wannan ya fi amfani ga masu tashi da ƙafa ɗaya. Sai ɗage a bakin dakali don sha-raɓa da agara, a hankali, zagaye 3 sau 12.

Tsallen kansa a farkon atisaye ake yin sa, bayan ɗumama jiki na minti goma, ƙafa tana da sabo. Fara da koyon dira. Hau dakali mai tsayin santimita 30, sako ƙafa ka sauko, ka dira da ƙafa biyu, gwiwa bisa yatsu, ka daskare daƙiƙa biyu. Kunne ne alƙali: in an ji tim, ba ka iya ba tukuna. Bayan mako biyu ko uku shiga tsalle na iya ƙarfi, zagaye 5 sau 3. Wurga hannuwa baya lokacin da kake nutsawa, ka watso su sama tare da tashi. Hannu kaɗai na ƙara santimita da dama. Mai zuwa da gudu ya tsawaita takun kusa da na ƙarshe, ya gajarta na ƙarshen. Jimillar dira a rana kada ta wuce 40 zuwa 60 ga mai farawa, kuma da zarar tsalle ya fara raguwa, a tsaya. Tsallen kwaɗo har ƙafa ta yi rawa gajiya yake koya wa jiki, gwiwa kuma yake ci.

Akwai salon da Yuri Verkhoshansky, mai horar da 'yan wasa a Tarayyar Sobiyet, ya shahara da shi tun shekarun 1960: a sauko daga kan akwati, ƙafa na taɓa ƙasa a zabura sama nan take. Yana aiki ƙwarai, amma don ƙwararru ya tsara shi. Bari sai ka kusa ninki ɗaya da rabi ɗin nan, ka fara daga santimita 30 zuwa 40, zagaye 3 sau 5, sau ɗaya a mako. In alamar allinka ta yi ƙasa da ta tsallenka na tsaye, akwatin ya yi maka tsayi. Yi a kan ciyawa ko tattakakkiyar ƙasa. Siminti tsirara na dukan gaɓoɓi, yashi mai zurfi kuma yana shanye ƙarfin da kake so ya dawo maka.

Ciwon da ke zuwa daidai ƙasan ƙoƙon gwiwa, wanda ya fi tsanani da safe ko wajen sauka daga bene, alama ce tsalle ya yi wa jijiyar wurin yawa. Rage tsalle da rabi, ka riƙa jingina baya da bango kamar mai zama bisa kujerar da babu, daƙiƙa 45 sau 5. Amma in gwiwa ta kumbura, ko ta ƙage, ko ka ji wani abu ya yi ƙara a ciki, je ka ga likitan ƙashi, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko wanda ya fi kusa da kai. Ɗori ba ya haɗa tsinkakkiyar jijiya. Yaran da ke cikin girma su tsaya ga jarka da nauyin jikinsu, babba na kallo.

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan wuce digiri 40, sai a yi atisaye bayan asuba ko dab da magariba, da ruwa a kusa. Da hunturu tsawaita ɗumama jiki zuwa minti goma sha biyar. Da azumi, bari sai awa biyu bayan buɗa baki ko bayan asham, ka riƙe nauyin yadda yake amma ka rage zagaye zuwa biyu. Abinci mai gina jiki ana so ya kai giram 1.6 ga kowane kilo na nauyinka a rana, wato kusan giram 100 ga mai kilo 65. Ƙwai ɗaya na da wajen giram 6, saboda haka sai an haɗa da wake, awara, ƙuli-ƙuli, nono, kifi ko nama. Barci awa takwas. Tiramol da ƙwayoyin da ake kira na ƙarin ƙarfi ɓoye ciwo suke yi har ɓarna ta yi nisa, ka nisance su.

Duk bayan mako huɗu koma bangon alli, bayan hutun kwana biyu, a lokaci ɗaya da takalmi ɗaya. Yi gwaji iri biyu: tsalle na yau da kullum, da wanda za ka tsugunna rabi, ka tsaya daƙiƙa uku, sannan ka tashi. In na farkon ya zarce na biyu sosai, ka iya zabura amma ƙarfi ya yi kaɗan, sai ka ba ƙarfe wata biyu masu zuwa. In kusan ɗaya suke, ga shi nauyin tsugunnonka na ta hawa alli kuma bai motsa ba, mayar da ƙarfe sau ɗaya a mako, zagaye 3 sau 3, ka ba tsalle sauran kwanakin na tsawon mako huɗu.