Kafin ku fita yawon hamada da yamma

Jama'a, duk mai niyyar yawon buɗe ido cikin hamada da yamma, don Allah kada ya cika cikinsa kafin tafiya. A ci abu kaɗan tun da rana. Da an isa bakin rairayi, direba zai rage iskar tayoyi don kada motar ta kafe, daga nan sai hawa da gangara a kan tuddan yashi, ana wujijjiga mutum hagu da dama. Mai cikakken ciki amai zai yi. Wanda mota ke sa wa jiri ya nemi kujerar gaba, ya riƙa duban nesa, ya bar latsa waya.

Mai juna biyu da mai ciwon baya ko na zuciya, a ganina su haƙura da hawan tuddan nan gaba ɗaya. Ku sanar da kamfanin tun wajen biyan kuɗi, ku tambaya ko za su kai ku masauki ta shimfiɗaɗɗiyar hanya.

Ku riƙe rigar sanyi ko da cikin zafi kuka fito, domin rana na faɗuwa iska ke yin sanyi, musamman da hunturu. Waya kuma a sa ta a leda, yashi na toshe ramin caji.