Hutun amarci a Tanzaniya: daji tukuna, teku daga baya

Masu shirin fita waje hutun amarci, musamman masu son ɗan kasada, ga shawarata: ku fara da dajin Serengeti, ku ƙare a bakin tekun Zanzibar. Kallon namun daji tun asuba ake fita, ga ƙura, ga jijjigar mota, ga sanyin safe mai shiga ƙashi. Bayan kwana huɗu a haka, amarya ba ta son komai sai wurin da ba mai tada ta.

In don ganin garken dabbobi na tsallaka kogin Mara za ku je, to tsakanin Yuli da Oktoba ne, kuma tantuna masu kyau kan cika tun da watanni. Afrilu da Mayu ruwa ne kamar da bakin ƙwarya.

Abin da ke ba mutane kunya kuwa kaya ne. Ƙananan jiragen da ke sauka cikin dajin yawanci kilo 15 suke yarda wa mutum ɗaya, a jaka mai laushi. Na ga wata tsugune a filin jirgi tana rage takalma, angon na tsaye riƙe da akwati fanko. Kada ku zama su.

Sunan da ke tikiti ya yi daidai da na fasfo, fasfon kuma ya rage masa aƙalla wata 6. A ga likita kan rigakafin zazzaɓin cizon sauro, a riƙe katin allurar shawara. Inshora kuma ku tambaya ko ta haɗa da ɗauko marar lafiya da jirgi daga daji, don ba kowace ba ce ke yi.