Yadda za ka bi shafin sharhin Attaura ba tare da ka ɓace ba

Ƙanena da ke karatun kwatanta addinai ya dawo hutu ƙauyenmu, nan kusa da Ringim, da wasu takardun sharhin Attaura na Yahudawa a jaka. Bayan la'asar muna kan tabarma a gindin darbejiya ya miƙo min ɗaya ya ce, "Yaya, wannan shafin ya juya min kai." Ni ma na sha wannan wuya a lokacina, don haka ga yadda na koya masa.

Fara duba tsarin shafin. Ayar tana da manyan baƙaƙe, sharhohi sun kewaye ta, kamar dai Jalalaini da hashiyarsa. Kada ka karanta su a jere. Kowane mai sharhi ka tambayi kanka: a wane mataki yake magana? Matakan huɗu ne, peshat, remez, derash da sod. Harufansu na farko suka haɗa kalmar pardes, wato lambu, wadda tushenta ɗaya da Firdausi.

Peshat shi ne ma'anar zahiri, kuma da shi za ka soma. Nemi Rashi, malamin Faransa da ya rayu daga 1040 zuwa 1105. Gajeren bayani gare shi, sai dai yakan sako labaran magabata a tsakiya, ka lura. In nahawu kake so tsantsa, Ibn Ezra na Andalus ya fi shi tsauri.

A derash, wato ciro hukunci da darasi daga lafazin aya, za ka daɗe. Malaman Yahudawa na ganin babu kalmar da aka maimaita a banza. Hanin dafa ɗan akuya a cikin nonon uwarsa ya zo sau 3 a Attaura, sai suka ce ɗaya na dafawa ne, ɗaya na ci, ɗaya na cin moriyarsa ko da sayarwa ce. Daga nan masu kiyayewa suka raba tukunyar nama da ta madara. Ƙanena ya kalli ƙwaryar furar da ke gabanmu, ga shi mun ci tuwo da miyar nama ba da jimawa ba. Na ce ai a wurinsu da sai mun jira, wasu har awa 6.

Wannan ciro hukunci yana da ƙa'idoji: 7 na Hillel, 13 na Rabbi Isma'il, dukansu magabatan malamansu ne. Wadda za ka fi cin karo da ita ita ce kal wa-homer, abin da almajirin usulu zai kira ƙiyasin aula. Misalinta maganar Annabi Musa (AS) a littafin Fitowa: Isra'ilawa ma ba su saurare ni ba, ina ga Fir'auna?

Remez ishara ce, sau da yawa ta hisabin haruffa. Kalmar hai ta Ibrananci, wato mai rai, ta ba da 18, shi ya sa suke son yin kyauta da wannan adadi. Sod kuwa baɗini ne, gidansa littafin Zohar da ya bayyana a Sifen a ƙarni na 13. Ni dai na ce masa ya bar wannan tukuna.

Sai na ba shi fensir, kowane sharhi ya sa masa harafin matakinsa a gefe. Ɗaliban Yahudawa bibbiyu suke karatu, ɗaya na ja ɗaya na musu, don haka na zama abokin musunsa. Mun kai sharhi na biyar aka kira magariba.